Wanzamin Taya

A layin masu tayoyi ba wanda ya san shi da wani suna in ba Wanzami ba, alhali bai taɓa aske kan kowa ba. Taya yake yi wa aski. Za a kawo masa wadda ta gama yawonta na duniya, ta suɗe tas kamar gindin tukunya, irin wadda ko mai tura kura zai yi tsaki in an ba shi kyauta. Sai ya ɗora ta a kan kututture tsakanin gwiwoyinsa, ya jona ƙarfensa a wuta har bakin ya ɗauki zafi, ya shiga fitar mata da sabon zane, layi bayan layi. In ya gama ya bi gefenta da samfefa ya kankare lambar da ke nuna shekarar da aka yi ta, ya wanke ta, ya shafe ta da baƙin man takalmi har ta riƙa ɗaukar ido. Washegari za ka gan ta a jere a gaban shagon wani dillali, ana rantsuwa cewa gwanjo ce mai kyau, jiya-jiyan nan aka sauke ta.

Abin da ba a gaya wa mai saye shi ne, robar da aka yanke don zanen ya fito, ita ce ɗan naman da ya rage tsakanin kwalta da wayar cikin tayar. Tayar za ta yi wata, ta yi wata biyu, wani lokacin har ta ga shekara in mai ita yana da sauran kwana. Ran da rana ta gasa titi aka kuma taka mota, ran nan take fashewa, kuma ba ta sallama.

Ba mugun mutum ba ne in ka gan shi, wannan ne ma abin haushin. Gajere ne, bahago, mai sanyin murya. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. In an yi rasuwa a unguwa shi ne farkon zuwa, in an yi haihuwa shi ne mai ɗaukar kujeru. Yana yaro malamansu sun ce hannunsa na zane ne, ya kuma so ya zama mai rubuta allunan shaguna, amma ubansa ya kai shi wajen wani mai faci. A can ya ga wani tsoho yana yi wa taya zane da ƙarfen da ake sawa a garwashi, yana yi a karkace kamar tafiyar kaza. Ya karɓa ya gwada, tsohon ya duba aikin ya ce masa ya samu abin yi har ya mutu. Tun daga ranar dillalai suke layi a rumfarsa, domin na sauran masu zane mai ido yana ganewa, nasa kuwa sai wanda ya san hannunsa.

Matarsa, wadda 'ya'yanta da na maƙwabta duk suke kira Umma, an aura mata shi ne a kan mai gyaran taya ne. Ba ta yi shekara a gidan ba ta gane irin gyaran. Warin ƙonanniyar roba ne ya fara gaya mata, wari mai maƙalewa a maƙogwaro, wanda ke biyo shi har kan matashi. Sai kuma 'yan zaren baƙar roba masu kama da tsutsa da take zazzagowa daga naɗin wandonsa da aljihunsa kullum. Ta ware wa kayansa baho na daban, ba ta taɓa haɗa su da na yara ba. Da ta tambaye shi sau ɗaya, tana amarya, ya ba ta amsar da bai taɓa canzawa ba har gashinsa ya yi fari: shi bai taɓa sayar wa kowa taya ba, zane aka ce ya yi, ya yi. Kuma talaka ma yana son ya hau mota, ba kowa ke da ƙarfin sabuwa ba.

Ta haɗiye. Ta rufa masa asiri kamar yadda aka koya mata ana yi wa miji. Yara suka tashi suna cewa babansu gyaran taya yake yi. In rediyo ya fara labarin motar da tayarta ta fashe a kan hanya, sai ta miƙa hannu ta canza tasha, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta san da me aka sayi shinkafar, ta kuma san ta ci, ta ƙoshi, ta yi ƙiba da ita. Ƙyamar da take ji ba tasa ba ce shi kaɗai, wannan ne ya sa ba ta taɓa iya amayar da ita ba.

Haka aka yi ta tafiya har aka aurar da 'yar autarsu, wadda sunan Auta ya bi har gidan miji. Mijin nata yaron kirki ne, yana aiki a wani kantin magani, ya daɗe yana tari don ya sayi mota. Wata ranar hutu da yamma sai ga su a ƙofar gida cikin 'yar ƙaramar mota ta hannu, an wanke ta tana ƙyalli, Auta a gaba da tsohon ciki tana dariya har ba ta iya fitowa da kyau. Umma ta fito tana sa albarka, maƙwabta suka taru. Yaron kuwa bakinsa har kunne, yana ta bayani: injin lafiya lau, birki sabo, tayoyi ma duka huɗu shi ya canza su da kansa shekaranjiya, gwanjo masu kyau, ya same su da sauƙi.

Wanzami ya durƙusa ya duba, kamar yadda kowane mai sana'a zai yi. Umma tana kallon bayan wuyansa, ta ga ya daɗe bai ɗago ba. Da yake bahago ne, duk layin da ya ja yakan ƙare da 'yar lanƙwasa ta hagu kamar ƙugiya, abin da ya sha yi mata alfahari da shi a kan tabarma. Ta matsa ta leƙa. Ga 'yan ƙugiyoyin nan reras, sun zagaye tayar da 'yarta take zaune a kai ɗazu. Ta dafa motar.

A nan ta ga irin saurin da ƙwaƙwalwar mijinta ke yi in ta so. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya yi murmushi, ya ce wa surukinsa mota ta yi kyau, amma ai shi ma uba ne, dole a bar shi ya sa hannu. A bar motar ta kwana nan, gobe zai sa mata tayoyi a matsayin tasa gudummawar. Yaron ya ce ai waɗannan ma ba su yi komai ba, Baba kada ya wahalar da kansa. Wanzami ya ɗaure fuska ya ce ba a mayar masa da kyauta. Da kansa ya fita bakin titi ya tsayar musu da tasi, Umma kuma ta lura sai da ya zagaya tasin yana kallon ƙasa kafin ya bar Auta ta shiga.

Da safe ya tafi, bai dawo ba sai bayan azahar. Da ya zauna cin abinci ya ba ta labari, yana jin daɗin kansa. Ya ce duk layin masu tayoyi ya bi, bai ga ta gwanjo ɗaya da zai yarda 'yarsa ta hau ba: wannan an yi mata faci a gefe, waccan ta tsufa a ajiye har ta fara tsattsagewa, wata kuma ta kumbura ta ciki. Daga ƙarshe kanti ya shiga ya ɗauki sababbi, ba masu tsada ba, amma sababbi fil, ya duba lambar shekararsu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan mai faci har aka ɗaure noti na ƙarshe. Umma ta ji wani sanyi a ranta. Ashe ya san bambancin. Ta ɗauka abin da shekaru ba su yi ba, tsoron rana ɗaya ya yi.

Tsofaffin huɗun ya turo su cikin gida ya jingine a ɗakin ajiya. Ta ce masa a yanka su, ya ce to, zai ba masu yin igiya da takalma. Kwana ya bi kwana suna nan. Wata rana ta shiga ɗaukar tsintsiya ta tarar da shi tsugunne a gabansu da tsumma, yana bin zanen da yatsa.

“Hannuna bai taɓa zama ba kamar a kan waɗannan,” ya ce, ko kunya babu. “Dubi nan. Ko injin kamfani sai haka.”

Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Bayan kwana biyu ta ga ɗakin wayam, ta ce a ranta masu igiya sun zo.

A ƙarshen layin gidansu akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da tsohuwar mota. Ba ta zauna kuka ba, ta koyi tuƙi, ta shiga kai yaran unguwa makaranta tana ɗauko su, iyaye suna biyanta. Yaran ne suka sa mata Anti Direba, sunan ya zauna. Kullum da safe za ka ji hon ɗinta tana bi gida-gida, motar cike da 'yan makaranta, wani a kan cinyar wani, jakunkuna har kan gilashin baya.

Umma ta fito zubar da shara ran nan motar ta tsaya a gidan da ke kallon nasu. Abin da ya fara ɗaukar idonta baƙin tayoyin ne, suna ƙyalli a ƙarƙashin motar da duk jikinta tsatsa ce. Ba ta ma buƙaci ta matsa sosai ba. Ta tsaya da kwandon shara a hannu tana kallon wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai kitso biyu tana hawa, uwarta tana ɗaga mata hannu, har motar ta sha kwana.

Ba ta iya cin abincin rana ba. Duk zaman aurenta ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi sana'ar mijinta ga wani mahaluƙi ba, ko ga 'yar'uwarta da suke ciki ɗaya. Amma da la'asar ta yafa mayafi ta tafi gidan Anti Direba, ta same ta tana wanke kayan makarantar 'ya'yanta. Aka gaisa, aka tambayi yara, Umma ta yi ta kewaye-kewaye har ta gaji da kanta. Daga ƙarshe ta sunkuyar da kai ta faɗa mata irin aikin da mai gidanta yake yi.

Matar ko ɗagowa ba ta yi daga wankin ba. “Haba Umma, wa bai sani ba? Duk layin nan an sani.”

Kunya ta rufe Umma tun daga kai har ƙafa. Ashe asirin da ta yi ta dakonsa kamar tulu a kai, kowa yana kallon cikinsa, ana dai gaishe ta ne ana wucewa.

“Shi ya sa da ya kawo min tayoyin na ce a'a,” in ji Anti Direba. “Nawa tayoyin har waya ta fito, amma na ce gara in jira. Sai ya ce min waɗannan ba aikinsa ba ne, daga motar Auta ya ciro su, ya sa mata sababbi ne kawai don fita kunyar suruki. Ya ce in yi tunani mana, zai bar 'yarsa ta hau mugun abu?”

Umma ta ji kamar ta haɗiyi ƙuda. Wato da sunan 'yarta aka yi tallan. Ta ce, “Aikinsa ne. Don ya gane hannunsa ya cire su.”

Hannun matar ya tsaya a cikin kumfa. Sannan ta ce tsofaffin nata mai faci ya riga ya kwashe, kuɗin da ke hannunta kuma duk ta ba Wanzami, iyayen yara sun biya na wata, in ta ajiye mota gobe wani za su nema. Za ta riƙa tafiya a hankali, zuwa ƙarshen wata ta ga abin da Allah zai yi. Ba ta zagi kowa ba, ta ma raka Umma har ƙofa, abin da ya fi zagin ciwo.

Da Wanzami ya dawo da magariba Umma ta bari ya ci abinci, sannan ta tare shi. Ko gezau bai yi ba. Ya ce taimakon uwar marayu ya yi, nata tayoyin sun fi waɗannan haɗari sau goma. Ya ce ita cikin gari take yawo, daga nan zuwa makaranta, ba ta gudu, ba ta hawa babban titi. Ta ce to me ya hana ya bar wa Auta? Ya ce ai mijin Auta yaro ne, ƙafarsa da nauyi. Ta ce ƙaryar da ya yi da sunan 'yarsa fa? Ya ce bai yi ƙarya ba, daga motar Auta ya ciro su ko ba daga can ba? Kowace tambaya yana da amsarta a goge tana ƙyalli, ya ƙarasa da cewa tsarewa ta Allah ce, ya miƙa hannu ya ɗauki asuwaki.

Washegari ta riga shi shiryawa. Yana fito da kekensa hon ɗin Anti Direba ya yi ƙara a ƙofar gidan maƙwabta. Umma ta wuce shi da mayafinta da jakarta, ta tsallaka, ta buɗe ƙofar gaba, ta ɗaga yaron da ke zaune a wurin ta ɗora shi a cinya, ta ja ƙofa ta rufe. Anti Direba ta dube ta, ta dubi Wanzami, ta riƙe sitiyari.

Ya jingine keken ya zo bakin taga. “Ina za ki?”

“Makaranta. Zan raka yara.”

“Sauko.”

“Ai cikin gari ne, Malam. Ba ta gudu.”

Ya waiga hagu da dama. Uwar yarinyar mai kitso biyu tana tsaye a ƙofarta, mai shagon kusurwa ya leƙo. Ya rage murya ya ce ta daina wasan yara, ta sauko su yi magana a ciki.

“Yau da gobe da jibi,” in ji Umma, “safe da rana, a nan za ka riƙa ganina. Ja mu tafi, 'yata, kada su makara.”

Anti Direba ta tayar da mota. Ba ta kai ga sa giya ba Wanzami ya durƙusa a gindin tayar gaba, ya cire murfin bawul, ya danna da ɗan makullin kekensa. Iska ta shiga fita da tsaki mai tsawo, motar ta karkace a hankali ta zauna. Yara suka fashe da ihun murna, yau ba makaranta.

Kafin hantsi ya je layin masu tayoyi ya dawo da wasu huɗu a bayan wata motar kaya, na gwanjo na gaskiya waɗanda ƙarfe bai taɓa ba, ya kawo mai faci ya ɗaura su, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Mutanen layi suka yi ta sa masa albarka, wai ya kyauta wa marayu, shi kuma yana amsawa da “ba komai, ba komai.” Umma tana tsaye a inuwa tana kallo, ba ta ji ko ɗigon daɗi ba. Mota cike da 'ya'yan mutane ta yi kwanaki tana wucewa ta gaban ƙofarsa, yana ɗaga musu hannu. Sai da tsohuwar da ke dafa masa abinci ta shiga ciki sannan ya tuna taya tana fashewa.

Masu ƙugiyar kuwa, ya sake turo su cikin gida, ɗaya bayan ɗaya, yana kaucewa kwatami don kada su ɓaci. Ya ce mata wannan karon lallai masu igiya zai kira. Bayan azahar tana kicin ta jiyo wani ɗan sauti daga ɗakin ajiya, shaf, shaf, shaf. Buroshi ne. Yana cire musu ƙurar da suka kwaso a hanyar makaranta.

Ta jira har ya fita sallar la'asar. Akwai wani tsohon ƙarfensa na zamanin garwashi da take tone murhu da shi. Ta tura shi cikin wuta har ya yi ja, ta naɗe hannunta da tsumma, ta shiga ɗakin. Ta zaci sai ta sa ƙarfi, har ta gyara tsayuwa. Tana ɗora bakin ƙarfen a cikin zanen ya shige zuruf, kamar an huda kwali. Ta tsaya tana kallon ramin, ga waya nan tana leƙe. Kaurin abin da ke tsakanin yaran nan da kwalta bai kai na fatar takalminta ba. Ta koma ta sake gasa ƙarfen, ta bi su duka huɗun, ta huda nan ta huda can, hayaƙi yana shiga idonta tana tari, ba ta bar ko tafin hannu ɗaya da mai faci zai iya cetowa ba.

Ya shigo da sallama, bai ƙarasa ta ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, sannan ya zauna daɓas a ƙasa. Ta yi zaton faɗa, ta ma shirya masa. Amma sai ya jawo ɗaya ya ɗora a cinyarsa, ya riƙa bin ramukan da yatsa. Ta ga hawaye yana bin gemunsa, mutumin da ba ta ga hawayensa ba ko ranar da aka fita da gawar ubansa.

“Sa yatsanka ka ji kaurinta,” ta ce.

Bai ji ta ba. Ya ɗago jajayen idanu ya dube ta kamar wanda aka zalunta.

“Ga gefe nan duk fili,” ya ce. “Da a gefe kika huda ai ta mutu. Me zanen ya yi miki?”

Umma ta dube shi. Ta ajiye ƙarfen a ƙasa, ta tattare zanenta don kada ya taɓa shi, ta raɓa ta wuce, ta bar shi zaune yana shafa tayar.